Ba soyayya kaɗai ke cikin ɗakin majalisar ɗaliban ba

Wani marubuci ya bayyana Kaguya-sama, shirin talabijin na zane mai motsi na ƙasar Japan, a matsayin barkwancin soyayya kawai, kuma a ganina bai yi masa adalci ba. Gaskiya ne cewa tun da kamfanin A-1 Pictures ya fara fitar da shi a 2019, dariyar ta ta'allaƙa ne a kan shugaban majalisar ɗalibai, Shirogane, da mataimakiyarsa Kaguya, waɗanda girman kai ya hana kowannensu fara furta abin da ke ransa. Amma zaɓen majalisar da aka nuna a zango na biyu, a 2020, ya wuce abin dariya. Miko Iino, yarinya mai ƙwazo da tsantseni da ke takarar shugabancin majalisar, ta hau dandamali sai muryarta ta sarƙe, ɗalibai suka fara yi mata dariya. Abokin takararta Shirogane, wanda nasara ke hannunsa, ya ja ta da muhawara da gangan domin ta manta da idon jama'a ta faɗi manufofinta, abin da ya fi komai burge ni a shirin. Wannan ya sa ya ci zaɓen da ƙaramar tazara, daga baya kuma ya jawo ta majalisar a matsayin mai binciken kuɗi.