Tausayin da ke korar yara daga aji

Makon da aka koma makaranta na raka ƙanwata kai 'yarta rajista a wata sakandaren gwamnati, kuma har yau maganar da shugaban makarantar ya faɗa mana ba ta bar kaina ba. Yarinyar shekararta 12, ta ci jarrabawar shiga, sunanta na nan a takardar da aka liƙa a allo, abu ɗaya ne kawai, a keken guragu take tafiya tun wani ciwo da ta yi tana ƙarama. Mutumin nan bai yi mana tsawa ba, kujera ma ya ba mu, ya tambayi mutanen gida, sannan ya kalli ƙanwata ya ce, "Hajiya, wallahi tausayinta nake ji. 'Yan aji ɗaya a saman bene suke, banɗakinmu kuma ba zai yi mata ba, ga yara da tsokana. Ku kai ta makarantar masu buƙata ta musamman, can za ta fi samun kulawa." Ƙanwata ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kan nata lafiya lau, ƙafa ce." Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya gama magana. Duk tsawon zaman nan ita yarinyar tana gefen teburinsa, ko sau ɗaya bai juya ya tambaye ta komai ba, ko sunanta.

Shi ɗin ban ma cika jin haushinsa ba. Waɗanda suka ƙona min rai su ne waɗanda na ba labarin daga baya, 'yan boko fa, masu digiri, har da malamai, suka ce wai ai ya yi gaskiya, wai ya ma kyauta da ya faɗa tun wuri kafin yarinya ta sha wahala, wai don amfaninta ne. Wannan "don amfaninta ne" ɗin nake so mu tsaya a kai, don ita ce kalmar da aka fi korar yara masu naƙasa da ita daga makarantun gwamnati, an fi amfani da ita fiye da zagi ko duka, kuma mai faɗarta yana komawa gida yana jin shi mutumin kirki ne.

Bari mu fara da benen. Wa ya ce dole 'yan aji ɗaya su zauna a sama? Ba wahayi aka saukar ba, wani ne ya zauna da biro da takarda ya raba azuzuwa, kuma wannan biron zai iya sauko da aji ɗaya ƙasa ya hau da wani ajin sama kafin a kaɗa ƙararrawar tara. Ko sisi ba za a kashe ba. Da muke fita na leƙa wani ɗaki a ƙasa, dab da ofishin nasa, an cika shi da karyayyun benci da tsofaffin rajista, ƙura har ta yi kauri. Wato karyayyen benci ya samu ɗaki a ƙasa, yarinyar da ta ci jarrabawa ba ta samu ba. Duk wanda zai ce min wannan matsalar ƙafarta ce to ya sake tunani.

Kuma abin da ya sa nake cewa wariya ce kai tsaye, ba ra'ayina ne kawai ba, haka dokokin da gwamnatoci suka sa wa hannu suka kira ta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a Disambar 2006 ta fara aiki a 2008, ƙasashe sama da 180 ne suka shiga cikinta, sashe na 24 ya ce ba za a fitar da yaro daga tsarin ilimin kowa da kowa saboda naƙasa ba, kuma ta fayyace cewa ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace da buƙatarsa, irin wanda ba zai zama wani nauyi na fitar hankali ba, shi kansa wariya ne. Ba sai ka zage shi ba. Ƙin sauko da ajin ya isa. Tun kafin ita ma, a 1994, gwamnatoci 92 sun taru a Salamanca ta ƙasar Sifaniya sun yarda cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro. Najeriya na da tata dokar ta 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Takarda dai ba ita muka rasa ba.

To sai batun "can". Ku lura duk mai cewa a kai yaro makarantar musamman ba ya taɓa faɗin inda take, nisanta nawa, akwai gurbi ko babu, wace manhaja ake koyarwa, ko yaran can suna zana jarrabawar da sauran yara ke zanawa. "Can" ɗin nan a mafi yawan lokuta sunanta gida. Makarantun musamman ba su da yawa a ko'ina, galibi a manyan birane suke, da dama na kwana ne, iyaye kuma ba kowa ne zai iya rabuwa da yarinya ƙarama mai buƙatar taimako ya tura ta gari mai nisa ba, sai a ce to bari zuwa baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, shi ke nan. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2021 ya ƙiyasta yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kusan ɗaya cikin goma, kuma yiwuwar a ce ba su taɓa taka makaranta ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari. Waɗannan yaran ba wai duk an kore su da bulala ba ne. Da yawansu an ba iyayensu kujera, an gaishe su, an ce musu ana tausaya musu.

Wannan maganar kuma tsohuwa ce, ba shugabanmu ya ƙirƙiro ta ba. A farkon shekarun 1950 wata uwa a Brooklyn ta birnin New York ta tura 'yarta mai shekara 5 a keke zuwa makarantar gwamnati, yarinyar shan inna ya kama ta tana wata 18, shugaban makarantar ya ce ba zai karɓe ta ba, wai in gobara ta tashi za ta zama haɗari. Shi ma ka ga don lafiyarta ne. Sunan yarinyar Judy Heumann. Da ta girma ta nemi lasisin koyarwa a 1970 aka sake hana ta da kusan irin wannan hujjar, ta kai hukumar ilimi ta birnin kotu, ta samu lasisin, ta shiga aji da kekenta. A 1977 tana cikin jagororin naƙasassu sama da ɗari da suka mamaye wani ofishin gwamnatin tarayya a San Francisco suka ƙi fita kusan mako huɗu, don an yi doka tun 1973, wadda ake kira sashe na 504, da ta hana duk wata cibiya mai cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya ga mai naƙasa, amma an bar ta a durowa shekara huɗu ba a sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita ba, sai da suka kwana a ƙasan ofis sannan sakataren (wato ministan) lafiya da ilimi da walwala na Amurka, Joseph Califano, ya sa hannu ranar 28 ga Afrilu. Daga 1993 zuwa 2001 matar nan ɗaya ce daga cikin mataimakan sakataren ilimi na Amurka. Ita ce fa wadda aka ce haɗarin gobara ce. Ni abin da na ɗauka daga labarinta ba wai "kowa zai iya zama wani abu" irin na masu wa'azin ƙarfafa gwiwa ba, a'a, shi ne doka ba ta tashi daga durowa da kanta.

Masu cewa babu kuɗi kuwa ban ma san ta inda zan fara da su ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ce in tun a zane aka yi tunanin masu naƙasa, abin da za a ƙara a kuɗin sabon gini bai wuce wajen kashi 1 cikin ɗari ba. Ɗaya fa. Tsadar tana zuwa ne in an gama gini an yi fenti an yanka kyalle sannan a tuna. Kuma ko inda aka tuna ɗin, ku je ku ga irin gangaren da 'yan kwangila ke zubawa don a ɗauki hoto, a miƙe kamar bango, wanda ko ƙato mai lafiya ya tura keke a kai sai ya yi nishi, alhali ƙa'idar da aka sani ita ce duk tashin mita 1 sai an ba shi tsawon mita 12. Wani ma gangaren yana ƙarewa ne a bakin ƙofar da keken ba zai shige ba. An kashe kuɗin, an rubuta a rahoto an yi, yaro na waje.

Akwai shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Yunin 2025 da ya kamata duk shugaban makaranta ya ji labarinta. Wata yarinya ce a jihar Minnesota mai matsananciyar farfaɗiya, da safe ciwon ke yawan tasar mata, ba ta iya zuwa aji sai rana ta yi, iyayenta suka roƙi a ƙara mata darasi da yamma kamar yadda ake yi mata a jihar da suka baro, hukumar makarantun ta ƙi, sai ya zama tana samun wajen awa 4 a rana sauran yara na samun sama da 6. Ƙananan kotuna suka ce wai sai iyayen sun tabbatar an yi haka da mugun nufi ko da ganganci na fitar hankali, ma'aunin da ya fi wanda ake ɗora wa sauran masu ƙarar wariya tsauri. Alƙalan Kotun Ƙoli su 9 baki ɗaya suka ce ba za a ɗora wa 'yan makaranta wannan ƙarin nauyin ba. Ku duba fa, ba bene a nan, ba banɗaki, jadawalin darasi ne kawai ya cinye mata kashi ɗaya cikin uku na karatunta, kuma na tabbata kowa a ofishin nan zai rantse yana ƙaunar yarinyar. Ni ina ruwana da abin da ke zuciyarka, awa biyun nan nake tambaya.

Kada kuma waɗanda suka "karɓa" su fara tafa wa kansu. Akwai makarantar da za ta rubuta sunan yaro a rajista, a kai shi bencin ƙarshe a ajiye kamar kaya, yaro mai raunin gani yana can baya ba ya ganin allo, mai raunin ji malami na magana ya juya wa aji baya yana rubutu, wanda hannunsa ke rawa a ba shi minti 40 daidai da kowa a karɓe takarda yana tsakiyar amsa ta uku, ƙarshen zango a rubuta masa "ba ya ƙoƙari" da jan biro. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bin diddigin yarjejeniyar nan ya yi dogon bayani a 2016 cewa jefa yaro cikin aji ba tare da an canja komai ba, wannan ba shi ake nufi da ilimi na kowa ba. Matso da yaro gaba, buga masa takardar jarrabawa da manyan haruffa, ƙara masa lokaci, barin wani ya rubuta masa abin da ya faɗa da bakinsa, wanne ne a ciki yake buƙatar kasafin kuɗi?

Na san za a ce kurame da kansu da yawa sun fi son makarantar da kowa ke magana da hannu, gaskiya ne kuma yarjejeniyar ma ta yarda da hakan, amma wannan zaɓinsu ne su da iyayensu, ba lasisi ba ne ga kowane shugaban makaranta ya tattara gurgu da makaho da mai farfaɗiya ya ce duk ku tafi can. Batun tsokana kuwa abin dariya ne, yara na tsokanar mai gajarta da mai in'ina da mai kan da ya cika girma, ban taɓa jin an ce su koma gida ba, mai tsokanar ake hukuntawa. Kuma yaran da suka tashi ba su taɓa zama benci ɗaya da mai keke ba su ne gobe za su zama injiniyoyin da ke zuba wancan gangaren da shugabannin da ke murmushi.

Me za a yi? Ba ni da wani dogon tsari. A horar da malamai tun a kwalejin ilimi, a daina amincewa da zanen ginin makarantar da keke ba zai shiga ba, a samar da wurin kai ƙara da iyaye za su iya zuwa ba sai sun ɗauki lauya ba, waɗannan kowa ya san su. Abu ɗaya da na fi so a tilasta shi ne duk shugaban da zai ƙi karɓar yaro ya rubuta a takarda, da dalilinsa, da sa hannunsa, da hatimin makaranta. Wariyar nan da baki ake yinta, a ofis, ƙofa a rufe, shi ya sa ba ta da shaida.

Ranar Litinin za mu koma ni da ƙanwata, da wasiƙa kwafi biyu, muna neman a sauko da ajin zuwa ɗakin karyayyun bencin nan. In ya ƙi, zan miƙa masa birona in ce ranka ya daɗe a rubuta mana. Ita kuma yarinyar ta ce wannan karon ita za ta yi magana.