Dan Allah a daina barbaɗa kafso a kan ciwo

'Yan uwana matasa ku ba ni aron hankalinku, maganar nan ta daɗe tana ci min rai. Wannan ɗabi'a tamu ta mutum ya ji ciwo ko gyambo ya ƙi warkewa, sai ya ruga kemis ya ce a ba shi kafso na ɗari biyu, ya haɗiyi biyu ya fasa ɗaya ya barbaɗa garin a kan ciwon ya ɗaure da tsumma, jibi in bai ga sauƙi ba ya koma ya ce wancan jabu ne a canza masa wani, wallahi kanmu muke cuta.

Haka muka yi wa kawuna mai ciwon suga, wata da watanni, kuma da ni aka yi, ni ne ma ɗan aiken. Ranar da muka kai shi asibiti ina tsaye nas ta kwance ƙafar, ta sa ƙarfe tana kankare wani abu fari-fari mai yauƙi da ya lulluɓe ciwon, Kawu yana damƙe da hannuna yana salati. Ta ɗago ta ce min ka ga wannan, shi ne gidan ƙwayoyin cutar, muddin yana nan ko buhun magani zai sha aikin banza ne.

Ka taɓa zura hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ka shafa cikinta? Santsin nan da ka ji, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa soso an dirje, to shi ne masana ke kira bayofim. Haka dattin da kake ji a haƙori da safe. Mu a tunaninmu ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya ɗaiɗai suke yawo kamar ƙura, alhali yawancinsu zaman gari suke yi. Su samu wuri su manne, su hayayyafa, sai su fara fitar da wani danƙo na sukari da furotin da DNA su lulluɓe kansu da shi kamar ganuwa, a ciki har da 'yan lunguna da ruwa da abinci ke bi, kuma suna sakin sinadaran da suke gane yawansu da su, in sun kai adadi su haɗa kai su canza hali gaba ɗaya.

Toh a nan magani ke shan wahala. Wasu magungunan irin su jentamaisin a jikin danƙon suke maƙalewa kafin su nutsa. Wanda ya samu ya shiga kuma sai ya tarar na can ƙasa ba su da iska ba su da abinci, sun yi lamo kamar masu barci, shi kuwa dangin fenisilin, su amoksil da ampikulos ɗin nan da muke sha kamar gyaɗa, aikinsu a kan ƙwayar cutar da ke girma tana rabuwa ne, wadda ta kwanta ba abin da za su yi mata. Shi ya sa ƙwayar da ke cikin wannan gida kan iya jure magani har ninki 1000 a kan 'yar uwarta da ke yawo ita kaɗai. Na sama su mutu, zazzaɓi ya sauka, ka ce ka warke ka ajiye magani, na ƙasa su farka su sake cika gari.

Ba yau aka gano ba fa. Tun 1683 wani mutumin Holan, Antoni fan Lewenhuk, ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba a madubin ƙara girman abu da ya haɗa, ya lura cewa ruwan tsamin da ya kuskure baki da shi ƙwayoyin da ke waje kawai ya kashe, bai ratsa ciki ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗan guntun maganin da muke sha. Bai isa ya kashe su ba, sai dai ya tankaɗe raunanan ya bar masu taurin kai, an ma ga wasu ƙwayoyin in suka ji ƙanshin magani kaɗan ƙara kaurin danƙon suke yi. Ga su a cunkushe jiki da jiki, wadda ta iya kauce wa magani sai ta miƙa wa maƙwabciyarta wannan gadon. Shi kansa Fleming da ya gano fenisilin ya yi kashedi a kan shan guntun magani a 1945. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne a gaba.

Don haka in ciwo ya haura sati biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko yana wari yana ruwa, musamman ga mai suga, a kai shi asibiti a wanke a yanke mataccen naman, a ɗebi ruwan ciwon a kai lab a ga wane magani ne ke kama shi. In kana jinyar tsoho mai robar fitsari kar ka bari ta wuce lokacin da aka ce a canza don gudun kashe kuɗi, jikin robar nan suke gina gida. In likita ya rubuta magani ka saya cikakke ka sha yadda ya ce, kar ka raba da aboki, kar ka ɓoye ragowa don wata rana.

Kawu ya warke, Alhamdulillahi, bayan wankin ciwo na makonni. Amma sai da aka cire masa yatsu biyu, kuma har yau in na ga yana ɗingisawa zuwa masallaci sai na tuna sau nawa na je na sayo masa kafson nan da hannuna.