Majalisa ba ta tunawa da filin jirgi sai jirgi ya daina sauka

A watan Agustan 2022 kamfanin jiragen sama na Emirates ya ce zai daina zuwa Najeriya saboda dala miliyan 85 na kuɗin tikitinsa da suka maƙale, ya kasa fitar da su. A cikin watan Babban Banki ya saki dala miliyan 265, sannan a Oktoba Majalisar Wakilai ta farka. Kakakinta na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya tara gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele da wakilan kamfanonin jirage, aka yi zama, aka ɗauki hoto.  Duk da haka a ƙarshen Oktoba Emirates ya tattara nasa ya nasa, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024.

Tambayata ita ce, ina Majalisar take tun lokacin da bashin yake taruwa? Kamfani ya sayar da tikiti da naira, ya je neman dala a farashin gwamnati, a ce masa ya bi layi. Wata da watanni ana haka, har abin ya haura dala miliyan 800 a 2023. Kowa a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ya san tazarar da ke tsakanin farashin banki da na kasuwa, ɗan majalisa ne kaɗai bai ji labari ba?

Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne fasinja. Kamfanonin sun rufe kujeru masu rahusa. Na taɓa raka wani ɗan Kantin Kwari wajen ejan a lokacin; yana jin kuɗin tikitin ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce a bari tukuna sai bayan Sallah. Bayan an saki naira kasuwa ta yi mata farashi a Yunin 2023, zuwa 2024 an biya mafi yawan bashin, amma ai tikitin bai koma yadda yake ba.

Batun filayen ma haka yake, kuma nan ne ya fi ba ni haushi. A 2017 an rufe filin Abuja mako shida cur don gyaran titin saukar jirgi, saboda guda ɗaya tak ne. Sanatoci suka yi ta kumfar baki, suka kira ƙaramin ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ƙarshe aka kwashi mutane zuwa Kaduna. Maganar titi na biyu kuwa tun zamanin marigayi 'Yar'aduwa ake yin ta. Sabon ginin fasinjoji na Legas, wanda aka gina da rancen China aka buɗe a 2022, an gama shi amma harabar ajiye jirage ta yi wa manyan jirage kaɗan. Wa ya amince da rancen? Wa ke da kwamitin sufurin sama da ya kamata ya leƙa zanen kafin a zuba kankare?

Za a ce tsara canjin kuɗi aikin Babban Banki ne. Haka ne, amma gwamnan bankin sai Majalisar Dattawa ta tantance shi yake hawa kujera, kasafin ma'aikatar sufurin sama kuma ta hannun 'yan majalisa yake bi duk shekara. A nan ne ya kamata a tambayi minista jirage nawa filin Malam Aminu Kano zai iya ɗauka lokacin jigilar alhazai, kuma rancen dala da aka yi gini da shi, da wace dalar za a biya.