Manhajar tamu ce, na'urar ta China

A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas, a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Daga nan duniya ta yarda cewa matasan Najeriya sun iya rubuta manhaja. Yau da wuya ka ratsa layi a Kano ko Kaduna ba ka ga mai POS ba.

Amma ka juya na'urar da ke hannunsa ka karanta inda aka ƙera ta. Yawanci China ce. Haka wayar da ke aljihunka, Tecno ce ko Infinix ko itel, duk 'ya'yan kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen.

Ba wai ba a gwada ba. Kamfanin Zinox ya fara haɗa kwamfuta a gida Najeriya tun 2001, Omatek ma ya yi nasa ƙoƙarin. Sai dai mai rubuta manhaja laptop da data suka ishe shi, masana'anta kuwa wuta take ci dare da rana. Wanda ke ƙona dizal yana sayen kowane ɗan ƙarfe da dala, musamman bayan sakin naira ga kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023, ta yaya zai kara da Shenzhen a farashi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne gwanintar da muke bari tana tafiya a banza. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka tsaya kan mai gyara. Yaro ne da bai taka jami'a ba, amma zai ɗaga IC, wato cip da ke sarrafa aikin na'ura, ƙarami kamar ƙwayar gero daga allon waya, ya dasa wani, wayar ta farfaɗo. Irinsa fal ne a Computer Village ta Ikeja. Dokar Startup ta 2022 mai tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, da 3MTT, shirin gwamnati na koya wa mutum miliyan uku fasahar zamani, sun fi karkata ga masu manhaja. Shi wannan yaron babu mai lissafi da shi.

Ni ban ce gobe mu ƙera cip ba, wannan sai manyan ƙasashe. A fara da caja, da batir, da inbata, da haɗa POS. A ware wa masu haɗa na'urori unguwar masana'antu guda mai wuta tsayayya, a sauke harajin shigo da kayan haɗi ƙasa da na gamammiyar na'ura, hukumomin gwamnati kuma su riƙa sayen abin da aka haɗa a gida.