Raddin da na tarar a Ƙarafa

Shekara shida ke nan ina zaune a Alƙahira. Duk baƙon da ya zo min daga gida nakan kai shi maƙabartar Ƙarafa ya ga ƙubbar Imamu Shafi'i, daga nan mu taka zuwa masallacin Laisu bin Sa'ad. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan Laisu ba, alhali shi ne malamin Masar da ya yi wa Imamu Malik raddi, mu kuwa Malikawa ne kaka da kakanni.

Malik ne ya fara aika masa wasiƙa, da ya ji yana ba da fatawa saɓanin aikin mutanen Madina. Laisu ya amsa da gaisuwa da addu'a, ya yarda da falalar Madina, sannan ya tuna masa cewa sahabbai sun bazu Sham da Masar da Iraƙi, kowa da iliminsa. Ya bi mas'alolin ɗaya bayan ɗaya: haɗa magariba da lisha a daren ruwan sama, yanke hukunci da shaida ɗaya haɗe da rantsuwa. Bai sassauta ba ko kaɗan, amma ya rufe da roƙa wa Malik tsawon rai. Laisu ya rasu a 175 bayan hijira, Malik a 179.

Da dare sai in buɗe waya in ga namu raddin. An yanko maganar malami ta daƙiƙa talatin, ba kai ba gindi, wani malamin na kiransa jahili, almajirai na kabbara. Ƙannena biyu sun yi wata uku ba sa ga maciji saboda ƙabalu da sadalu. A masallacin unguwarmu nan, ɗan Senegal ya saki hannu, Bamisire na gefensa ya kama, ba mai waiwayar wani. Su ma Misirawa suna da nasu rigingimun, ban wanke su ba.

Abin da ya fi ci min rai, wannan ladabi ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Shehu Alkanemi na Barno ya rubuto yana tuhumar masu jihadi kan dalilin yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, Muhammadu Bello ya kwafe wasiƙar cikin littafinsa Infaƙul Maisuri kafin ya amsa ta, don mai karatu ya ji hujjar abokin hamayya daga bakinsa. Na yi shekara goma ina zaman karatu a zaure a gida, amma sai a nan Masar na fara karanta wasiƙar Alkanemi.