Wa ya ja layin da ya bi ta saman gidanmu?

Ranar da dillali zai kai ni ganin gidan da muke ciki yanzu a Hounslow, yammacin Landan, sai ya kafe lallai mu haɗu ƙarfe huɗu na yamma. Na ce masa safe ya fi mini, ya ce ai da safe yana da wasu baƙin. Muka zagaya ɗakuna, na leƙa bayan gida, unguwa tsit, har kukan tsuntsaye nake ji. Jirage na wucewa can gefe, ƙararsu kamar ta tirela a nesa. Na ce a raina, ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan? Ni da na tashi a Kurna? Nan take na sa hannu, na biya kuɗin kamu.

Washegarin tarewarmu, wajen ƙarfe shida na safe, jirgi na farko ya zo. Bai gama wucewa ba na biyu ya danno, tagogi na kakkarwa, cokali na rawa a cikin kofi. Da ka leƙa sama za ka iya ƙirga tayoyinsa. Uwargida ta ajiye butar shayi ta dube ni: "Malam, wannan ne gidan da ka ce ko tari ba a ji?" Ban samu na ba ta amsa ba, domin na uku ya iso.

Wani dattijo ɗan Somaliya da muke sallah tare shi ya warware mini. Filin jirgin saman Heathrow da ke kusa da mu titi biyu gare shi, na arewa da na kudu. Jirgi kuwa iska yake fuskanta in zai sauka ko zai tashi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na shekara iskar nan daga yamma take busowa, don haka jirage ta kan birnin suke saukowa, su bi ta kanmu. Don a raba wahalar, sai a sauka a titi ɗaya daga safe zuwa ƙarfe 3 na rana, sannan a koma ɗayan har dare. Mako na zagayowa a juya. Dillalina ya san jadawalin nan kamar karatun sallah. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɗan'uwa, kowa a layin nan da yamma aka nuna masa gida, sai dai in makon yamma ne."

Abin da ya tsaya mini a rai ba wayon dillali ba ne. Jadawalin ne. Wato akwai mutanen da suka zauna a ofis suka raba sama awa-awa, unguwa-unguwa, kamar yadda ake raba ruwan dam ga manoman rani. Shekara ashirin da wani abu na yi a ƙarƙashin hanyar jiragen filin Malam Aminu Kano, ban taɓa kawo wa raina cewa wani ne ya zaɓi jirgi ya bi ta kanmu ba. Mu dai jirgi kamar hadari yake, in ya taso ya taso. Lokacin jigilar alhazai ma murna muke, mu fito tsakar gida muna ɗaga hannu muna ihun a kawo mana dabino da zamzam. In babba ya taso malamin allo ya dakata, mu ma mu dakata, ya wuce a ci gaba da biyawa. Wa zai ce a kai ƙarar jirgi? Wurin wa?

To amma layin nan ɗan'adam ke jan sa, kuma a shekarun nan yadda ake jan sa ya canza. Da can matuƙi na bin na'urorin rediyo da aka kakkafa a ƙasa, kowane jirgi ya ɗan karkace dama ko hagu, ƙarar ta warwatsu kan unguwanni da yawa. Yanzu tauraron ɗan'adam ke jagora, jirgi na bin sahun na gabansa kamar jerin gwano. Ga kamfanoni riba ce, mai ya ragu, lokaci ya ragu. A takarda ma abin ya yi kyau, tunda yawan mutanen da jirgi ke bi ta kansu ya ragu. Sai dai waɗanda layin ya faɗo kansu sun shiga uku, domin abin da unguwa goma ke rabawa an tattara shi an jibga wa ɗaya.

An gani a 2014, da Heathrow ya gwada sababbin hanyoyin tashi. Mutanen Ascot da Teddington suka wayi gari jirage na jere a kansu. Koke ya yi ta kwarara, aka cika ɗakunan taro, 'yan majalisa suka sa baki, har aka tsayar da gwajin a watan Nuwamba, kafin lokacin da aka ɗiba masa ya cika. Shekarar nan dai a Phoenix ta Amurka, ranar 18 ga Satumba, hukumar jiragen sama ta tarayya ta sauya hanyoyin tashi ba tare da ta zauna da jama'a ba. Birnin da kansa ya maka ta a kotu, kuma a Agustan 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta bi ƙa'ida ba. A 2016 kuma ƙaramin filin London City ya matse nasa hanyoyin zuwa siraran layuka a kan gabashin Landan, wurare irin su Leyton. Su ma sun yi kuka iya kuka, amma layin bai gusa ba.

A nan ne nake saɓa wa 'yan'uwana da ke cewa ƙasar Turawa komai adalci. Ascot garin masu hannu da shuni ne, can ake sukuwar dawakin da gidan sarauta ke halarta. Akwai lauyoyi, akwai injiniyoyin da suka yi ritaya masu lokacin zama su karanta rahoto shafi ɗari uku su fito da kuskure a shafi na 212. Layinmu kuwa direbobin tasi ne, da masu goge-goge, da masu ɗaukar kaya a filin jirgin kansa. Mutumin da ya kwana aiki, yaushe zai je taron jin ra'ayi ƙarfe 7 na yamma a ranar aiki? Kuma ta yaya zai ɗaga murya a kan wurin da yake cin abinci? Jirgi dai dole ya bi ta saman wani. In masu baki suka ture shi, kan marasa baki yake faɗawa.

Ko tsakanin talakawan ma sauƙin wani nauyin wani ne. Ƙauyen Cranford na daf da ƙarshen titin arewa. A 1952 gwamnati ta yi musu alkawari, da baki kawai, cewa ba za a riƙa tashi ta kansu ba in iska ta juyo daga gabas. Alkawarin ya riƙe fiye da shekara hamsin. Sakamakonsa, duk ranar iskar gabas, kusan dukkan jirage masu sauka a titi ɗaya suke sauka, mutanen wajen Windsor, a yammacin filin, su wuni ba hutu. A 2009 gwamnati ta ce ta soke shi, amma aka sake shafe sama da shekara goma ba a aiwatar ba, ana jan ƙafa kan izinin gyaran hanyoyin cikin filin. Ni har yau ban san gefen da zan goya wa baya ba, tunda Cranford maƙwabtana ne.

Kotu ma ba ta cika yin rana ba. Dokar jiragen sama ta 1982 ta toshe hanyar kai ƙarar jirgi don kawai ya dame ka da ƙara, muddin yana tafiya bisa ƙa'ida. Wasu mazauna sun je har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai kan jiragen dare, suka yi nasara a 2001, babban zauren kotun ya rushe hukuncin a 2003. Abin da ake da shi iyaka ce: sauka da tashi 480,000 a shekara, na dare kuma, daga 11:30 zuwa 6 na safe, 5,800 a shekara. Na farko na dirowa bayan 4:30 na asuba, daga Hong Kong da Singafo da Afirka ta Kudu. Na Legas ma da sassafe yake isowa, don haka wani lokacin 'yan gida ne ke tashe ni, ni ma kuma na tashi wasu.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce: ƙoshi ne. Mu da ke kwana da janareton maƙwabci a bayan taga, ga lasifikar biki, ga hon ɗin adaidaita, ga rashin wuta da tsadar masara, wa ke ta ƙarar jirgi? Kuma jiragen da ke tashi a Kano wuni guda, a nan kafin ka gama karin kumallo sun wuce. Gaskiya ne. Na tuna a Maris na 2017 da aka rufe filin Abuja mako shida don gyaran titi aka karkatar da jirage Kaduna, murna aka yi. Masu otal da masu tasi sun sha kasuwa, ban ji wanda ya ce an hana shi barci ba.

Amma sabo ba magani ba ne. Kunne na sabawa, jiki ba ya sabawa. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2005 ya duba yara kusan 2,800 a makarantun da ke kewaye da filayen jirgin Landan da Amstadam da Madrid, ya tarar cewa a Ingila duk ƙarin desibel 5 (ma'aunin ƙarfin sauti) na ƙarar jirgi na iya mai da yaro baya a fahimtar karatu har wata biyu. Binciken da aka yi a Munich ta Jamus ya fi ba ni mamaki. A 1992 aka rufe tsohon filin aka buɗe sabo a wani wuri. Yaran da ke kusa da tsohon, karatunsu da haddarsu suka gyaru, na kusa da sabon kuma suka ja baya. Duk sanda na tuna malaminmu yana dakatawa tsakiyar aya, sai in tambayi kaina sau nawa aka ci gaba daga inda ba nan aka tsaya ba.

Kuma a wurinmu maganar ta wuce ƙara. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya tashi daga Kano zai tafi Legas, bai yi nisa ba ya rikito cikin Gwammaja. Mutum sama da ɗari suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku, da mutanen da ke zaune cikin gidajensu, waɗanda ba su sayi tikiti ba, wasu ma ba su taɓa taka jirgi ba. Allah ya jiƙansu. Filin nan tun 1936 yake aiki, lokacin yana bayan gari. Gari ne ya bi shi ya kewaye, ana yanka fuloti ana sayarwa, ba wanda ya ce wa mai saye ga inda layin saukar jirgi ya bi.

Ba cewa nake mu kwaso ɗabi'ar Bature ta rubuta koke kan kowane motsi ba. Abin da nake ƙyashi ƙarami ne. A nan, ko da ba a saurare ka ba, ka san an yanke hukunci, ka san wanda ya yanke, akwai taswira a intanet da za ka ga jirgin da ya wuce kanka da tsawon da yake. Hukumar NAMA ce ke kula da sararin samaniyarmu, kuma tana da taswirar kowace hanya. Me zai hana hakimi da dagaci da masu unguwannin da ke ƙarshen titin jirgi su san ta? Me zai hana masu ba da izinin gini su duba ta kafin a dasa makaranta ko asibiti? Kullum ana maganar faɗaɗa filaye da ƙaro jirage, kuma ranar da aka ƙaro, wani zai zauna ya ja sabon layi.

Jiya da hantsi na kira Hajiya. Wannan makon safe ne namu, don haka muna gaisawa jirgi ya danno, na yi shiru har ya wuce. Ta ce, "Kai, har yanzu kuna gidan nan? Ku nemi wani mana." Na buɗe baki zan yi mata bayanin jadawali sai na ji ita ma ta yi shiru, rugugi na tasowa ta cikin wayar daga can Kurna. Muka jira. Da ya wuce ta ce, "Ina ji, me kake cewa?" Na ce ta bari in sake kira bayan ƙarfe uku.