Dodon Da Na Zana Ya Koma Tarwaɗa

Bakina ne ya jawo min, ba kowa ba. Mu biyar ne abokai tun muna makaranta a Birnin Kebbi, zaman banza ya ishe mu muka ce bari mu ƙirƙiri wata duniya tamu ta almarar kimiyya, kowa da aikinsa: ɗaya ya ɗauki tarihi, ɗaya yare, ɗaya taswira, ɗaya kuma da muke kira injiniya (ko waya bai iya gyarawa ba amma dai) shi ne mai kula kar mu saɓa ma kimiyya. Da aka zo kan wa zai zana halittun da ke zaune a duniyar sai na ce ai ni ne na ɗaya a Fayin At a JSS 2. Ban faɗa musu kofi da lemo malam ya sa mu zana ba.

Duniyar tamu mun kwaikwayo ta ne daga Yuropa, ba nahiyar Turai ba, wani wata ne na duniyar Jufita da Galileyo ya hango a 1610. Samansa ƙanƙara ce zalla, masana na kiyasin kaurinta ya kai kilomita 15 zuwa 25, kuma suna ganin akwai teku a ƙarƙashi, har hukumar sararin samaniya ta Amurka NASA ta harba kumbo a watan Oktoba na 2024 don ya je ya leƙo, sai 2030 zai isa. Mu dai ba mu jira kumbo ba, muka zuba mutanenmu a cikin ruwan muka sa musu suna 'yan Zurfi.

Injiniya ya ba ni doka. Zane uku, ta gaba, ta gefe, ta sama. A tsayar da ɗan Adam a gefe don mai kallo ya gane girman abin. Kuma babu ido, tunda hasken rana ba ya keta wannan ƙanƙara, ya ce ko nan duniya kifayen da ke cikin kogo mai duhu sun rasa idanunsu. To abin da ba shi da ido da me zai lalubi hanya? Na ce da gashin baki. Na kwana biyu a gida Argungu ina fama da fensir da kilina, na yi masa jiki santsi, kai mai faɗi, gashin baki dogaye guda takwas, na kalle shi na ji har tsikar jikina ta tashi.

Ina nuna musu mai tarihi ya ce nawa kilo. Na ce kilon me? Ya ce tarwaɗar mana. Aka yi ta dariya har mai shayin da ke gefe ya leƙo ya ce wannan in an samu yaji da daddawa ai shi ke nan.

Na koma na cire gashin baki na ƙara ƙafafu shida, suka ce ƙaguwa. Na cire ƙafa na jera masa fitilu a gefen jiki irin na halittun can ƙasan teku masu haska kansu, mai taswira ya ce Keke Napep ɗin da aka yi wa kwalliyar sallah, injiniya kuma ya tambaye ni cikin sanyin murya wai tunda dukansu makafi ne wa suke haska wa. Ban da amsa, har yau ban da ita. Ana cikin haka mai yare ya ce dole a sa leɓe, don ya riga ya gama ƙamus mai cike da "b" da "m" kuma ba a furta su sai an haɗa leɓɓa, shi ba zai sake aikin wata uku saboda ni ba. Mai tarihi ya ce sarkinsu yana da rawani. A cikin ruwa fa. Rawani.

Sai na haɗa komai wuri guda don kowa ya huta, gashin baki ya dawo, leɓe manya, fitilu, rawani, tsawo mita shida. Ɗan Adam ɗin gefe kuwa hannuna ne ya tafi da kansa, na yi masa ɗan tumbi da hula a karkace da ƙafa gwame, ban lura da wa ya yi kama ba. Na kai shagon kwamfuta aka buga min babba mai kala, na shanya a tabarma na tafi masallaci.

Na dawo na tarar da Inna tsaye nesa da tabarmar da carbi a hannu, ƙanwata na bayanta tana leƙe.

"Kai, mi na na wanga abu? Ina kag gane shi?"

Na ce Inna ba ganinsa na yi ba, daga kaina ya fito. Ashe nan na ƙara ɓata lamarin. Ta ce daga kanka? Innalillahi. Dama ta lura kwana biyu ina magana ni kaɗai da dare, kuma tun ina yaro ta hana ni zuwa bakin gulbin Matan Fada da magariba ban ji ba. Kafin in ce Jufita an aika a kira Kawu, shi da ya san ruwa da abin da ke cikinsa, don tun kafin a haife ni yake shiga su da gora da homa.

Kawu ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ba alamar tsoro. Can ya ce ma Inna ta kwantar da hankalinta wanga ba aljani ba ne, aljani ba ya yarda a yi mai wulaƙanci haka. Sannan ya juyo kaina. Wutsiyar kifi tsaye take, gefe da gefe yake kaɗa ta, ni na kwantar da ita kamar faifai. Na ce Kawu ai dabbar wale ta teku haka tata take a kwance, ya ce to wale ɗin da rawani take yawo? Kan ya yi nauyi, fiffiken baya babu, in aka sake shi a gulbi cikinsa zai juyo sama kamar wanda aka sa ma guba a ruwa. A minti biyar ya kashe abin da injiniya bai gano ba a wata guda.

Sai idonsa ya faɗa kan ɗan mutumin. Shiru. Ya taɓa hularsa, ya kalli cikinsa.

"Ni na nan?"

Na ce a'a wallahi Kawu, ma'auni ne kawai. Ya ce ma'auni da hulata? Ba tumbin ne ya ɓata mai rai ba, wai na tsayar da shi gaban kifi hannu rabbana, ba gora ba homa, kamar ɗan kallo da ya zo daga Legas, shi da ya sha ɗaga giwan ruwa a gaban Sarkin Kabi. Dole na ɗauko biro a gabansa na zana mai gora da homa biyu, ya sa na ƙara mai tsawo kaɗan, wanda hakan ya mai da dodona mita huɗu.

Na ɗauki hoto na tura ma mutanena. Injiniya ya tambaya a ina duma ke fita a ƙarƙashin ƙanƙara. Ban ba shi amsa ba don Inna na tsaye kaina da kofin rubutu sai na shanye.

Takardar kuwa Kawu ya naɗe ya tafi da ita. Jiya na bi ta kasuwa na gan ta manne a rumfarsa, mutane sun kewaye, yana nuna musu da tsinke daidai inda abin ya kuɓuce mai a homa.